"Borrow me" ko "lend me"? Muhawara kan kalmomin Turanci masu kama da juna

Malam Ɗanjuma, Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jarrabawar JAMB ta ƙarato, kuma cikin tambayoyi 60 na Turanci akwai kason da ba ya wuce neman kalmar da ta fi kusa da wata a ma'ana, ko kishiyarta. A nan yara da yawa ke zubar da maki. Ni dai ban yarda cewa ƙarancin kalmomi ne matsalarsu ba. Yaro ya san borrow, ya san lend, amma a kansa duk "aro" ne, shi ya sa yake rubuta "borrow me your biro". Ina so mu baje kalmomin nan a faifai, mu ga inda suka haɗu da inda suka rabu. Mu fara da wannan ɗin.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Wa'alaikumus salam Malam. Hausar ce ma za ta warware mana wannan ƙullin. Dubi jimlolin nan biyu: "Na ari biro a wurin Sani" da "Na ara wa Sani biro". Saiwar kalma ɗaya ce, amma a ta farko biro yana shigowa hannuna, a ta biyu yana fita. Mu da sauyin wasalin ƙarshe da karin sauti da ɗan "wa" ɗin nan muke nuna inda kaya suka nufa. Bature sai ya ware kalma biyu: borrow ita ce "ari", lend ita ce "ara wa".

Gwajin ba shi da wuya. Borrow tana tafiya da from: "I borrowed a biro from Sani." Lend tana tafiya da to, ko mutumin ya biyo ta kai tsaye: "Sani lent me a biro", ko "Sani lent a biro to me". A lura, lent ne, ba lended ba. Saboda haka "ara mini" dole ya zama "lend me". Idan yaro ya fi son borrow, sai ya ce "May I borrow your biro?", babu me a cikinta sam.

Haka abin yake ga learn da teach. "Na koyi lissafi" shi ne learn, "koya mini lissafi" shi ne teach. Wanda ya ce "learn me" kuskuren "borrow me" ya maimaita.

Baban Walid, Pantami:
Malama ta yi bayani. Abin da zan ƙara ta fuskar kuɗi ne, domin a nan mu muka fi Bature rarrabewa. Aro shi ne abin da za ka mayar da shi ainihinsa, kamar keke ko tsani. Rance kuwa makamancinsa kake mayarwa: ka ranci mudu biyu na masara, ba waɗancan ƙwayoyin za ka dawo da su ba. Turanci bai raba su ba, duk borrow da lend ne.

Loan suna ce, lend aikatau. "The bank gave him a loan", "The bank lent him money". A Amurka suna yawan cewa "loan me", amma a takardar makaranta a tsaya kan lend ya fi lafiya. Asalin borrow kuma daga tsohuwar kalmar Turanci ce, borg, wato jingina ko lamuni. Mai karɓar rance shi ne mai ba da jingina, daga nan sunan ya bi shi.

Sai owe, wadda take juya tunanin Bahaushe baibai. Mu mai kuɗi muke sa wa gaba: "Ina bin Musa dubu biyar." Bature wanda ya ci bashi yake sa wa gaba: "Musa owes me five thousand naira." Yaron da ya fara jimlarsa da "I" don ya ji "ina" sai ya rubuta "I owe Musa", ya mayar da kansa mai cin bashi alhali shi ke bi. A takardar yarjejeniya wannan ba ƙaramin kuskure ba ne. Kada kuma a haɗa ta da own, mallaka, duk da cewa tushensu ɗaya.

Modibbo, Kumo:
Malama Hauwa ta taɓo wata jijiya da nake so a bi ta har ƙarshe, domin akwai dangi guda na kalmomin Turanci da aka gina su kamar yadda muke gina namu. Mu muna da tashi da tayar da, kwanta da kwantar da, zauna da zaunar da, sha da shayar da. Ta farko kai ka yi, ta biyu ka sa wani ko wani abu ya yi. Masu Fulatanci ma sun san wannan: "o janngi" ya yi karatu, "o janngini" ya karantar.

Tsohon Turanci da danginsa suna da irin wannan dabarar, sai dai da sauya wasalin tsakiya suke yin ta. Dabarar ta mutu, amma ta bar 'ya'ya:

rise, tashi, raise, tayar da ko ɗaga
lie, kwanta, lay, kwantar da ko shimfiɗa
sit, zauna, set, ajiye ko girka
fall, faɗi, fell, kayar da, musamman itace
drink, sha, drench, shayar da

Ta ƙarshen a yau an fi sanin ta da jiƙa sharkaf, amma malaman dabbobi har gobe drench suke cewa idan za a ɗura wa akuya ko saniya maganin tsutsar ciki ta baka. Tsohuwar ma'anar ce ta maƙale a bakinsu.

Ƙa'idar da za a ba yaro ita ce: idan fassarar Hausa tana buƙatar "da" da wani abu a bayanta, to ta biyun ce. Aikatau ƙi-karɓau a hagu, so-karɓau a dama (karɓau shi ne abin da aikin ya faɗa wa). "The price of maize has risen", farashin masara ya tashi, babu wanda aka ambata ya tayar. "Traders have raised the price of maize", 'yan kasuwa sun tayar da farashi. Wanda ya rubuta "the price has raised" ya bar mai karatu yana jiran a faɗa masa abin da farashi ya ɗaga. Akwai kuma alama ta biyu mai daɗi: na dama kusan duk masu bin ƙa'ida ne a shuɗaɗɗen lokaci, raised, laid, felled, drenched, na hagu kuwa su ne masu sauya kama, rose da risen, sat, fell da fallen, drank da drunk. Set ce kaɗai ta ƙi bin layi, ba ta sauyawa ko kaɗan, kuma a "the sun sets" ba ta neman karɓau.

Ummi, Bolari:
Allah ya gafarta Malam, lie da lay ɗin ne ke rikita mu a aji. An ce "she lay on the mat" daidai ne, alhali kun ce lay sai da karɓau.

Modibbo, Kumo:
'Yata, kin tambayi ainihin wurin da tarkon yake. Kalmomi uku ne suka sa riga iri ɗaya.

Lie ta kwanciya: lie, lay, lain. Lay ta kwantarwa: lay, laid, laid. Lie ta ƙarya: lie, lied, lied.

Kin ga ke nan shuɗaɗɗen lokacin kwanciya ya yi kama da lokacin yanzu na kwantarwa. "She lay on the mat" na nufin ta kwanta a kan tabarma, jiya ko ɗazu, daidai ne. "She laid the baby on the mat", ta kwantar da jariri. "She lied on the mat" kuwa cewa kika yi ta yi ƙarya tana kan tabarma. Idan kin ga lay, ki duba bayanta. In akwai abin da aka kwantar, ta yanzu ce. In babu, kwanciyar da ta wuce ce. Kaza "lays eggs" take yi, domin ƙwan ne karɓau. Haka fell take: "he fell" ya faɗi, "they fell trees" suna kayar da itatuwa, "they felled the tree" sun kayar.

Malam Ɗanjuma, Jekadafari:
Modibbo, ban ƙi bayaninka ba, amma ina tsoron kada mu nutsar da yara cikin tarihin kalmomi. Mai gyaran takarda ba ya tambayar inda borrow ta samo asali. Yaro yana da minti kaɗan a gaban kwamfuta, abin da yake buƙata shi ne atisaye: jimla ashirin, ya cike gurbi, a gyara masa, gobe a sake.

Maman Ilham, Herwagana:
Malam Ɗanjuma, atisaye wajibi ne, amma a tambayar "mafi kusa a ma'ana" tarihi yana da aiki, kuma ba dogon tarihi ba ne. Abu ɗaya tak. A shekarar 1066 William na Normandy ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300. Sai a 1362 aka yi dokar a riƙa shari'a da Turanci. Malamai da 'yan coci kuma suna ta Latin. Shi ya sa abu ɗaya yake da suna biyu ko uku a hawa-hawa: na gida, na fada, na malamai.

Ask ta gida ce, question daga Faransanci, interrogate daga Latin. Duk "tambaya" ƙamus zai ba ka, amma uwa tana ask, ɗan jarida yana question, ɗan sanda yana interrogate, wato titsiye. Haka begin da commence, buy da purchase, help da assist, kingly da royal da regal. Dabba tana da rai a hannun makiyayi Ba'ingile sunanta cow, sheep, calf. Ta iso teburin mai mulki ta zama beef, mutton, veal.

Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba. Akuya ta mutu, mutum ya rasu, babban malami ya yi wafati, a wurin ta'aziyya a ce ya riga mu gidan gaskiya. Babu mai cewa akuya ta rasu. Mace tana da ciki, amma a gaban surukai juna biyu ne. Ma'ana ɗaya, mazauni daban. Yaron da ya gane cewa die da pass away da perish haka suke, zai daina rubuta wa abokinsa wasiƙa yana cewa "I commenced eating", ya kuma daina rubuta wa shugaban makaranta da Turancin filin ƙwallo. A WAEC da NECO ana duba dacewar harshe da wanda aka rubuta wa wasiƙar, ba nahawu kaɗai ba.

Malam Ɗanjuma, Jekadafari:
Wannan na karɓa, Hajiya, domin ana iya koyar da shi cikin darasi ɗaya. To bari in faɗi yadda ya kamata yaro ya tunkari tambayar a zahiri.

Da farko ya karanta jimlar duka, kada ya tsaya kan kalmar da aka ja wa layi. Kafin ya kalli zaɓi huɗun, ya sa kalmar Hausa a ransa wadda ta dace da wurin. Sannan ya jefar da duk zaɓin da ba ajinsu ɗaya ba. In sifa aka ja wa layi, suna ba za ta zama amsa ba. Daga nan sai tambayar da ta fi kowace yanke hukunci: yabo ne ko zagi? A ƙarshe ya cusa abin da ya rage cikin jimlar, ya ga ko ya zauna da ƙaramar kalmar da ke biye, of ce ko from ko with.

Misali: "The trader is thrifty, she saves a little every market day." Zaɓi: stingy, economical, generous, economic. Hausar da ta faɗo ita ce tattali ko tsimi. Generous kishiya ce, ta fita. Stingy rowa ce, zagi ne, jimlar kuwa yabo take yi. Saura biyu masu kama. Economic ta shafi tattalin arzikin ƙasa ko kasuwanci, kamar "economic policy". Economical ita ce mai tattali, ko abin da ba ya cin kuɗi, kamar babur marar shan mai. Amsa economical.

Wannan rabon yabo da zagi Hausa ta tanade shi tsaf. Famous ya yi suna, notorious ya yi ƙaurin suna. Slim siririya, skinny ramammiya. Brave jarumi, reckless mai ganganci. Childlike mai zuciyar yara, childish mai yarinta. Confident mai yarda da kansa, arrogant mai girman kai. Littafin jera kalmomi irin na Roget, wanda ya fara fitowa a 1852, zai tara maka su a shafi guda ba tare da ya ce wannan yabo ce wannan zagi ba. Don haka kada a ba yaro shi sai da ƙamus mai misalan jimla a gefe, irin Oxford na masu koyo.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Akwai wani rukuni da kunne ne ke haddasa kuskurensa kafin alƙalami. Advice suna ce, shawara; advise aikatau, ba da shawara. Ta farko da sautin s take ƙarewa, ta biyu da z. A sa yaro ya ɗora yatsa a maƙoshinsa ya furta su, zai ji ta biyun tana ziza. Wannan tsarin ya ratsa kalmomi da yawa: belief da believe, proof da prove, safe da save, life da live, breath da breathe, bath da bathe. Suna ko sifa marar ziza, aikatau mai ziza. Da yake ba mu da v a Hausa, sai mu furta safe da save iri ɗaya, daga nan "God safe us" ta shiga takarda. Use da house da close ma haka suke, rubutu ɗaya, amma aikatau da z.

Advice ba ta da jam'i. Babu advices, babu "an advice". "A piece of advice" ko "some advice". Practice da practise, licence da license, furucinsu ɗaya ne, rubutun Ingila ne kawai ya raba: c ga suna, s ga aikatau. Amurkawa practice suke rubutawa duka biyun, license ma duka biyun. Wanda ya manta ya tuna da advice da advise, su kunne yana jin bambancinsu, sai ya ɗora sauran a kai.

Lose da loose kuwa ba ma aji ɗaya ba ne. Lose, da z, rasa ko ɓatar ko shan kaye, ta wuce lost, sunanta loss. Loose, da s, sako-sako, kamar noti da bai ɗauru ba. Kuma Bahaushe ba shi da uzurin haɗa live da leave, ko ship da sheep, tunda kunnensa ya saba raba gari na mutane da gari na tuwo.

Baban Walid, Pantami:
A ƙara da stationary da stationery, domin allunan shagunan sayar da littattafai sun sha wannan. Mai e ita ce kayan rubutu, takarda da biro da ambulan. Mai a ita ce abin da ke tsaye cik, kamar tirelar da ta lalace a bakin hanya. Dangi ne na gaske: a da can a Ingila 'yan kasuwa da yawa yawo suke da kaya, mai sayar da littafi kuwa yana da rumfa tsayayya, sai aka kira shi stationer, kayansa stationery. Principal da principle ma haka: mai -al shugaban makaranta ne, ko uwar kuɗi kafin a ɗora riba, mai -le ƙa'ida ce ko aƙida.

Barista, Sabon Layi:
Salamu alaikum malamai. A ba ni dama in kawo steal da rob, domin a takardar ƙorafi kuskurensu yana sauya laifin da ake zargi. Steal abin da aka ɗauke ne ke bin ta. Rob mutumin ko wurin ne ke bin ta. "They stole my phone", an sace mini waya. "They robbed me", an yi mini fashi, in za a ambaci kayan, sai an sa of: "They robbed me of my phone." "They robbed my phone" ba ta zauna ba, domin ba a yi wa waya fashi. "They stole me" kuwa kai aka ɗauke.

A dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960, theft ba ta zama robbery sai an haɗa da ƙarfi ko tsoratarwa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka zare wa waya daga aljihu a tasha bai sani ba, ɗan sane ne ya yi masa, pickpocket, laifin theft ne. Wanda aka nuna wa wuƙa, robbery. Wanda aka fasa wa gida, burglar ne ya shiga masa. Snatch fizge, loot wasoso ko wawashe, rustle satar shanu, embezzle cinye dukiyar da aka ba mutum amanarta. Duk ƙamus na iya cewa "sata", amma kowace da hannun da take shiga.

Maman Ilham, Herwagana:
Barista, tunda ka shigo, ga wadda ta fi damuna: sadaki. Jaridu kullum dowry suke rubutawa. A Turancin asali dowry dukiyar da amarya ke zuwa da ita gidan miji ce daga iyayenta, wato ta fi kusa da gara da kayan ɗaki. Ba'indiye ko Bature da ya karanta "the groom paid the dowry" zai ga abin ya juye masa.

Barista, Sabon Layi:
Gaskiyarki Hajiya. Wasu sai su gudu zuwa bride price, ita ma ba ta cika ba. Bride price dangin amarya ake ba wa, sadaki kuwa haƙƙin amarya ne ita kanta, wanda a mazhabar Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari ne. Kalmar price kuma tana kawo warin ciniki. Akwai dower, 'yar'uwar dowry ta tushe ɗaya. A tsohuwar dokar Ingila kason da matar mamaci ke samu ne daga dukiyar mijinta, amma masu rubutu kan shari'ar Musulunci da Turanci sun daɗe suna amfani da ita a madadin sadaki. A takardar kotu dower ko mahr sun fi dacewa. A jarida a bar ta sadaki, a bi ta da gajeren bayani sau ɗaya. Lefe kuma kada a kira shi ko ɗaya daga cikinsu, kyautar ango ce ta tufafi da kayan ado.

Modibbo, Kumo:
Ina da ja kaɗan a nan. Idan miliyoyin 'yan Nijeriya suna cewa dowry suna nufin sadaki, yaushe za mu daina kiran sa kuskure? A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da ma'anoni 29 na Turancin Nijeriya, har da Kannywood da okada da "next tomorrow" da severally a ma'anar "sau da yawa". Harshe na masu magana da shi ne.

Barista, Sabon Layi:
Modibbo, severally ɗin ce ma hujjata. Ƙamus ya rubuta cewa a Nijeriya ana faɗin haka, bai soke tsohuwar ma'anar ba. A yarjejeniyar bashi, "jointly and severally liable" na nufin ana iya bin masu lamuni gaba ɗaya, ko a kama mutum guda a ce ya biya duka. Severally a nan "kowa a kan kansa" ce. Wanda ya sa hannu yana zaton "sau da yawa" ake nufi, ya ɗauki nauyin da bai sani ba. A hira a faɗi yadda aka saba, ban hana ba. A jarrabawa da takardar doka a rubuta "several times" ko repeatedly.

Malama Hauwa, Tudun Wada:
Ni ina tsakiya, amma na fi karkata ga Barista. Okada da Kannywood sun cike gurbin da babu kalma, ba su ture kowa ba. Severally da dowry kuwa sun hau kujerar da ke da mai ita, shi ya sa suke jawo ruɗani. A gaya wa yaro gaskiya: wannan Turancin gida ne, ga inda yake aiki, ga inda zai cuce ka.

Kada kuma mu manta da "ji", wadda ita kaɗai ta haɗiye kalmomin Turanci biyar ko shida. Na ji ƙara, hear. Na ji wari, smell. Na ji zafi, feel. Na ji gishiri a miya, taste. Ina jin Fulatanci, understand ko speak. Listen kuwa saurare ce, da niyya, kuma sai da to. Haka see gani, look at duba, watch kallo na abin da ke motsi ko ɗaukar lokaci. Say ba ta ɗaukar mutum kai tsaye, tell ce ke ɗauka: "he told me", ya gaya mini, "he said to me", ya ce mini. "He said me" babu ita.

Ummi, Bolari:
Na gode ƙwarai iyayena. Saura ɗaya da ke fitowa kusan kowace takardar gwaji: affect da effect.

Malam Ɗanjuma, Jekadafari:
Ummi, a mafi yawan jimloli affect aikatau ce, shafa ko yi wa tasiri. Effect suna ce, tasirin ko sakamakon. "The flood affected farms below Dadin Kowa", ambaliya ta shafi gonaki. "The flood had a bad effect on the farms", ta yi mummunan tasiri a kansu. Ki lura affect ba ta ɗaukar on, kai tsaye take kama karɓau. Effect ce ke tafiya da on. In kin ga the, ko an, ko sifa kamar bad a gaban gurbin, effect za ki sa. In kin ga will, ko to, ko aikau (mai yin aikin) ne a gaba, affect ce.

Inda masu shirya tambaya ke ɗana tarko shi ne effect tana zama aikatau a wuri ƙalilan, da ma'anar aiwatar ko samar da abu. "The new principal effected changes", ya kawo sauye-sauyen da babu su a da. "The strike affected the changes", sauye-sauyen suna nan, yajin aiki ya taɓa su. Duka biyun daga kalmar Latin ta "yi" suka fito, ɗafa-goshin ne ya raba su: ad a affect, zuwa ga abu, ex a effect, fitowa daga abu. Ki gwada sa "aiwatar" a gurbin. In ta zauna, kamar a effect payment, effect repairs, effect an arrest, to mai e ce. In "shafa" ce ta zauna, mai a ce.